Neman maɓalli guda na sauyawa tsakanin ayyukan da aka dakatar a bash

Ɗalibi_Bagalam: Assalamu alaikum. Ina koyon rubuta manhaja a nan Maraɗi, a kan Ubuntu, kuma yawanci fayil biyu nake buɗewa a editan rubutu na vim, in dakatar da ɗaya da Ctrl+Z, sannan in rubuta `fg %2`, umarnin da ke dawo da aiki mai lamba 2, domin in koma wa ɗayan. Na so in ɗora wannan umarni a kan Ctrl+Z ɗin kansa, na sa layin `bind`, mai ɗora umarni a kan maɓalli, a cikin `.bashrc`, fayil ɗin saitunan bash (manhajar da ke karɓar umarni a taminal), amma ko na danna babu abin da ke faruwa. Mene ne dalili, kuma wane maɓalli ya fi dacewa, ganin cewa madannaina irin na Faransa ne, wato AZERTY?

MalamLinux: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Layinka bai yi aiki ba ne domin Ctrl+Z ba ya isa wurin bash a matsayin harafi. Direban taminal ne ke tare shi tun a hanya, ya mayar da shi siginar dakatarwa ta SIGTSTP, shi kuwa bash yana yin biris da wannan sigina a lokacin da yake jiran umarninka. Wasu kan ce a rubuta `stty susp undef` domin direban ya daina tare Ctrl+Z, amma ban ba ka wannan shawara ba, saboda daga nan Ctrl+Z zai daina dakatar da yawancin manhajoji, alhali dakatarwar ce tushen abin da kake nema.

Ka bar shi a kan aikinsa, ka ɗauki Alt+j, wanda bash bai ɗora wa komai ba:

`bind '"\ej":"\C-e\C-u fg %-\C-m"'`

Wannan yana share abin da ke kan layi, ya rubuta umarnin, ya danna Enter a madadinka, kuma abin da aka share yana dawowa da Ctrl+Y. Muhimmin wurin shi ne `%-`. Idan ka rubuta `jobs` za ka ga alamar + a gaban aikin da ka dakatar a ƙarshe, da alamar - a gaban wanda ya gabace shi, kuma duk lokacin da ka sake dakatar da wani, alamomin suna musayar wuri, don haka maɓalli guda ya ishe ka kai da komowa tsakanin fayil biyu ba tare da ka riƙe lambobinsu a ka ba. Gurbin da na bari kafin `fg` da gangan ne, domin Ubuntu yana zuwa da `HISTCONTROL=ignoreboth`, wanda ke hana irin wannan layi shiga tarihin umarni. Alt+1 da Alt+2 kuwa ka ƙyale su: a AZERTY sai da Shift ake samun lamba, GNOME Terminal kuma ya riga ya kama su domin sauya shafi.

Hajiya_Zariya2: Malam ya yi bayani mai kyau. Abin da zan ƙara shi ne, a zsh, wata manhaja mai karɓar umarni irin bash, abin da ka fara nema yana yiwuwa, saboda editan layinsa yana kashe harafin dakatarwa a lokacin da kake rubutu, ya mayar da shi kafin ya gudanar da umarni. A cikin `.zshrc`:

```
koma-aiki() {
  [[ -n $BUFFER ]] && zle push-line
  BUFFER="fg"
  zle accept-line
}
zle -N koma-aiki
bindkey '^Z' koma-aiki
```

A ganina wannan ya fi daɗin hannu, dannawa ɗaya ka fita, ta biyu ka koma. Idan ka sa `fg %-` a nan, ka sani cewa zsh zai ƙi idan aiki ɗaya kaɗai ke akwai, saɓanin bash da ke karɓa.

Ɗalibi_Bagalam: Na gode, Malam, na gode, Hajiya. Alt+j ya yi aiki. Shin hakan zai yi a kwamfutar nesa da nake shiga ta ssh?

MalamLinux: Zai yi, muddin ka kwafi layin zuwa `.bashrc` na can. Sai dai idan rezo ya yanke, bash yana aika SIGHUP, siginar yankewar layi, ga ayyukansa har da waɗanda aka dakatar, su mutu. Saboda haka ka fara buɗe tmux a can, manhajar da ke riƙe taminal a raye ko da haɗin ya yanke, sannan ka yi aikinka a cikinsa, in ka dawo ka rubuta `tmux attach`.