Hana manyan bindigogi, wai yana rage kashe-kashe kuwa?

Ɗan Ringim:
Salam 'yan uwa. Dan Allah masu bin labaran waje ku raba mana gardama. Wai a Amurka ana ta ja-in-ja kan a hana farar hula sayen manyan bindigogi masu ƙaton harsashi, wasu na cewa a hana, wasu na cewa haƙƙinsu ne. Abin da ya ɗaure min kai, dama haka kawai mutum zai shiga shago ya sayo irin wannan? Kuma in an hana ɗin ana ganin sauƙi?

Malam na Gumel:
Wa alaikumus salam. Ƙwarai kuwa, a yawancin jihohinsu in shekarunka sun kai kuma aka duba ba ka da laifi za a sayar maka. Wadda ake rigimar a kanta ita ce mai harsashi .50, kaurinsa milimita 12.7, fitacciyar cikinsu kamfanin Barrett ke ƙera ta, tana cin nisan sama da kilomita ɗaya da rabi kuma tana huda ƙarfen mota. Jihar Kalifoniya ta yi dokar hana ta a 2004 zamanin gwamna Schwarzenegger, mai kamfanin ya ji haushi ya ce to hukumomin jihar ma ya daina sayar musu. Masu son a hana suna cewa me farar hula zai yi da makamin sojoji, ga shi masu safarar ƙwaya na Meziko suna fasa-ƙwaurinta daga shagunan Amurka suna harbin jami'an tsaro da ita. Ɗaya ɓangaren kuma su ce abu mai nauyin sama da kilo 12, kuɗinsa dubban daloli, wane ɗan fashi ne zai saɓa shi ya shiga unguwa, kuma nan kam suna da hujja don mafi yawan kisan bindiga a can da ƙaramar fistol ake yi.

Maharbin Doguwa:
Malam ka yi bayani, Allah ya ƙara basira, amma ni dariya ma abin ke ban. Mu nan ai tun 1959 dokar makamai ta hana kowa riƙe bindigar soja sai da izinin shugaban ƙasa, bindigar toka ma da maƙerinmu ke yi sai ka nemi lasisi wurin 'yan sanda, to ya hana me? Ni da nake shiga gefen Falgore da 'yar adakata, in na harba sai na tsaya na ɗura albarushi na danna da sanda kafin na sake, su kuwa mutanen daji suna yawo da AK-47 har da ta kakkaɓo jirgi, a 2021 ba su harbo jirgin yaƙi a Zamfara ba? Wane shago suka saya? Tun faɗuwar Gaddafi a 2011 kaya ke kwararowa ta Nijar.

Maman Hanif:
Baba maharbi ka yi haƙuri, ban bi ka nan ba. Don ana karya doka ba shi ne za a ce ba ta da amfani ba. Ka tuna rigimar manoma da makiyaya da ake yi lokacin kaka wajen Guri da Kirikasamma, da sanda da kibiya ma ya ake ƙarewa balle a ce kowane gida da babbar bindiga? Wlh ni ko a 2022 da gwamna Matawalle ya ce mutanen Zamfara su nemi bindiga sai da gabana ya faɗi.

Maharbin Doguwa:
'Yata ban ce a raba wa kowa ba fa. Cewa na yi a tsare iyaka a kamo masu kawowa, a daina tare ɗan sa-kai a hanya ana ƙwace masa ta toka.

Ɗan Ringim:
Na gode duka. Malam, to a Kalifoniyar waɗanda suka riga suka saya kafin dokar fa, ƙwacewa aka yi?

Malam na Gumel:
A'a, an bar musu, rajista kawai aka ce su yi.