Robar ƙodar Baba da maganar sakaci

Maman Hanifa: Salam jama'a, wallahi raina a ɓace yake. Baba yana da suga, tun kafin sallah aka sa masa roba ta baya har cikin ƙoda saboda fitsari ya toshe, yanzu zazzaɓi ya ƙi sauka, fitsarin cikin ledar ya yi fari-fari kamar an dama koko, wai fangas ne Kandida. Sun ba shi fulukonazol na sati 2 kuma wai dole a canza robar, wani kuɗin kenan. Sakacin ma'aikatan asibitin ne ya jawo, ni dai na ce magani kaɗai ya isa, ko dole sai an canza robar?

Nas Idi-Araba: Allah ya ba Baba lafiya Hajiya, amma ki janye kalmar sakaci. Mai suga, ga roba a jiki, ga antibayotik da ya daɗe yana sha, Kandida ba ta neman fiye da haka. Kuma manne wa robar take yi ta yi yauƙi, magani baya ratsa shi sosai, shi ya sa ake canzawa.

Ɗan Mile 12: Ta janye me? Ku kullum kare junanku kuke. Sakaci sunansa sakaci

Nas Idi-Araba: Ka taɓa kwana a wod kana juye ledar fitsarin mutum goma?

Mai Kemis Agege: Kwana a wod ba hujja ba ce, mun san yadda ake barin mara lafiya yana kira ba mai amsawa.

Nas Idi-Araba: Kai ne ma za ka yi magana? Ku da kuke ƙirga wa mutane antibayotik ba takardar likita, in ana neman masu sakaci daga shagonku za a fara.

Mai Kemis Agege: Ki iya bakinki malama, da lasisina.

Ɗalibin likita: Don Allah ku tsaya. Hajiya ki tambaya wace irin Kandida gwajin fitsarin ya nuna, albikans tana jin fulukonazol, kurusei ba ta ji, gilabirata ma sau da yawa haka, sai amfoterisin B. Wani lokaci fangas ɗin kan dunƙule cikin ƙoda sai sikanin ya nuna, a nan ana cire shi a kuma wanke ta cikin robar da amfoterisin. Kar a hana su canza robar.

Ɗan Mile 12: Yaro ka gama makarantar tukuna. Ƙanin matata haka aka yi ta masa gwaji har gida ya ƙare.

Maman Hanifa: Ni fa tambayata a kan robar ce

Mai Kemis Agege: Sai ta ba ni haƙuri tukuna.

Admin: To ya isa haka. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda akwai sakaci, talaka ne kawai ba shi da gata a garin nan, kuma bai kamata a ci mutuncin masu kemis ba, su ke rufa mana asiri da tsakar dare. Maman Hanifa ki nuna wa likitan saƙon ɗalibin nan gobe. Na rufe grup sai bayan isha'i.