Gane katakon mapul kafin a haɗa teburin aikin kafinta

Tambaya daga Garwa:
Salamu alaikum manyanmu. An kawo wani farin katako daga fasassun akwatunan kaya da tsofaffin tebura na Turai, mai sayarwa ya ce mapul ne, wato erabul da Faransanci. Teburin aiki za a haɗa da shi. Ta yaya ake tabbatarwa, kuma wane iri ne ya dace?

Daga Ngaundare:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Mapul ba ya tsiro a ƙasarmu, na Kanada da Amurka da Turai ne, don haka fara duba hatimin da ke jikin akwatin. Haruffa biyu na farko ƙasa suke nunawa, misali CA Kanada ce, US kuma Amurka. In ka ga HT da zafi aka gasa shi, babu laifi. In MB ne feshin guba aka yi masa, ka bar shi. Hatimin dai ba ya faɗin irin itace, sikeli ne ke raba gardama. Yanki guntu mai santimita 10 da 10, kaurinsa 2, ka ɗora a ƙaramin sikelin lantarki. Mapul mai tauri zai ba ka kusan giram 140. Mai taushi, wato wanda ake kira jan mapul, wajen 120, haka ma na Turai. Katakon ayus da ke cike da kasuwanninmu da wuya ya kai 80, kuma ana iya yi wa mutane sojan gona da shi don farinsa.

Daga Marwa:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai sikeli kaɗai ba ya raba mapul mai tauri da hetir, wani katakon Turai, nauyinsu kusan ɗaya, kuma ana yawan samun hetir a kayan Turai. Ka kankare fuskar katakon. Hetir yana da ƙananan zane-zane masu duhu, gajeru kamar ƙwayar riɗi, ko'ina a jikinsa, mapul kuwa sumul yake. Sannan ka fere bakin katakon da sabuwar reza, ba samfefa ba, don garinta toshe ramukan yake yi. Ramukan ayus da na firake, wani katakon Afirka, ido yana ganinsu. Na mapul sai da gilashin ƙara girma, a warwatse daidai. A mai tauri za ka ga jijiyoyi iri biyu suna ratsa zoben shekara, wato layukan da itace ke ƙarawa duk shekara, masu kauri da sirara sosai a tsakaninsu. Gwajin farce ma yana aiki: danna a gefe, mai taushi zai lotsa, mai tauri ko a jikinsa.

Daga Njamena:
In har yanzu da kokwanto, a nemi ƙwayar ƙarin jini mai sulfat na ƙarfe a kantin magani. A wanke rufin bayanta, a daka, a jiƙa a cokali biyu na ruwa, a shafa inda aka kankare. Bayan 'yan mintoci mai taushi zai koma shuɗi mai duhu har ya kusa baƙi, mai tauri kuwa ɗan shuɗi-shuɗi ko kore mai haske kawai zai yi. A guntu ake gwadawa, tabon ba ya fita.

Daga Kusiri:
Ɗana, ko mai taushin ne ya faɗo hannunka kada ka raina shi, ya isa tebur, kuma bai cin bakin kayan aiki kamar ɗan'uwansa. Abin da ke kashe tebur a nan bushewa ce. Katakon da ya kwana a Duwala ruwa ya sha, yana hawowa arewa hunturu zai tsotse shi, kuma a faɗi yake tsukewa, ba a tsawo ba. Jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani, shafe bakunan da fenti don kada su tsage, kana auna guntu ɗaya duk mako har nauyinsa ya daina raguwa.

Saman tebur kuma kada ka shimfiɗa faffaɗan allo, zai kanannaɗe. Tsaga shi santimita 8, ka tsayar da su a kan gefe ka manne fuska da fuska, har faɗin ya kai 60. Uku ko huɗu a lokaci guda, da sassafe, domin farin gam yana yin fata kafin ka gama ɗaure matsi in rana ta ɗaga. Ramukan da sukuru zai bi ya riƙe saman da ƙafafu a yi su dogaye kaɗan, katakon ya samu wurin motsi da damina.

Daga Marwa:
Ƙari kan maganar Baba: mai tauri sai an huda kafin a ɗaura sukuru, in ba haka ba kan ya karye a ciki. Zarto mai dakushi yana ƙona shi, tabon kuma wuyar gogewa gare shi. Gara tana sonsa ƙwarai. Ƙafafun teburin, gwamma a yi su da katakon iroko, a ɗora kan daɓen siminti, kada su taɓa ƙasa.