An taɓa miƙa muku Apfelkorn a Jamus? Ku zo mu ji yadda kuka yi

Ɗalibi a Oldenburg:
Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Jamus. Abin da ya same ni makon jiya ne ya sa na buɗe wannan zance. Abokan karatuna sun gayyace ni Kohlfahrt, yawon nan da mutanen arewacin ƙasar suke yi cikin tsananin hunturu. Ana tafiya a ƙafa ta tsakanin gonaki, ana jan 'yar kura cike da kwalabe, kowa da ɗan mitsitsin kofi rataye a wuya. Muna tsayawar farko aka tsiyaya min wani abu mai launin zuma, sai ƙamshin tuffa yake. Na ɗaga zan kai baki kenan wata 'yar ajinmu ta riƙe min hannu, ta ce ai ba ka sha, wannan Apfelkorn ce, barasa ce. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan?

Tsohon ma'aikaci a Bremen:
Wa'alaikassalam ɗana. Allah ya saka wa yarinyar nan da alheri. Sunan ne ke ruɗa baƙo. Apfel tuffa ke nan, shi kuma Korn barasa ce da ake tatsa daga hatsi, alkama ko ɗan'uwanta, wadda ƙarfinta ba ya gaza kashi 32 cikin ɗari. Sai su gauraya ta da ruwan tuffa da sukari, ƙarfin ya sauko zuwa wajen kashi 18 ko 20, zaƙi ya rufe ɗacin. Kamfanin Berentzen na garin Haselünne, wanda tarihinsa ya faro tun 1758, shi ya fito da ita kasuwa a 1976, matasa suka rungume ta. Shekarata ta farko a wurin aiki, duk bikin da aka yi sai an kawo ta a tire. Ni dai na faɗa musu sau ɗaya, ƙarara, cewa addinina ya hana. Tun daga ranar, Apfelschorle suke ajiye min, wato ruwan tuffa da ruwa mai gas, mu ce Prost tare muna kallon idon juna kamar yadda suke so.

Uwar yara a Münster:
Baba, gaskiyarka. Ni damuwata 'ya'yanmu ce. Ɗana ɗan shekara 16 ya je Schützenfest na unguwa, bikin ƙungiyar maharba, ya dawo yana ce min abokansa sun ce wannan ba giya ba ce, lemo ne. Doka ta yarda ɗan 16 ya sayi giyar sha'ir, amma irin wannan sai ɗan 18. Daren nan ban yi barci ba. Washegari na kai shi kanti na nuna masa inda ake rubuta % vol., wato ƙarfin barasa, a jikin kwalba.

Ɗan Jos a Köln:
Ni Kirista ne, kuma na sha ta lokacin bikin Karneval, ba zan ɓoye ba. Sanyi ƙarara ake ba da ita, a kurɓe gaba ɗaya. Ba ka jin komai a maƙogwaro, shi ya sa mutum kan wuce iyakarsa bai sani ba. Na ga abokin aikina ya kasa tashi bayan kofuna kaɗan. Ɗan'uwa na Oldenburg, in ka sake zuwa, tafi da kwalbarka ka saka a kurar, a tsiyaya maka daga ciki.

Ɗalibi a Oldenburg:
Na gode ƙwarai. Haka zan yi baɗi in Allah ya kai mu. Baba, to naman da ake ci da kabejin a ƙarshen yawon fa, Pinkel ɗin nan?

Tsohon ma'aikaci a Bremen:
Akwai alade a ciki, ɗana. Ka gaya wa mai shirya tafiyar tun da wuri, gidan abincin zai yi maka naka daban.