Fitilun cikin bas mai hawa biyu: in canza zuwa LED ko in bar su?

Mai Wayarin: Salam 'yan'uwa. An ba ni aikin tsohuwar bas mai hawa biyu, dogayen ƙwayayen fulorasan ne a ciki, na sama rabi sun mutu saura sai ƙyafta ido suke. Wutar motar volt 24 ce. In sayi sabbin inbata, wato na'urorin da ke juya wutar mota ta kunna fulorasan, in bar tsarin yadda yake, ko in cire komai in sa LED? In LED ne, fari tas ko mai ɗan ja-ja?

Ɗan Autan Gareji: Yaya sa irin na zare ɗin nan mai volt 12, ni shi na sa a motata shekara biyu lafiya lau

Mai Wayarin: Ƙanina 24 fa na ce, ƙonewa zai yi.

Tsohon Direba: Ku masu gyara ba kwa tambayar mai tuƙi. Wadda na ja an cika mata farin LED har saitin kaina, dare na yi gilashin gaba ya koma madubi, fasinjoji nake gani ba titi ba, ranar ana ruwa wallahi saura ƙiris in taka mai keke, na taka birki wata baiwar Allah na saukowa daga bene ta gangaro ta karye a hannu. Ni aka dakatar wata guda. Wanda ya ɗaura fitilun ko tambayarsa ba a yi ba.

Hajiya Fasinja: Allah sarki Baba. Amma don Allah kar a rage hasken sama, mu mata in da duhu ba ma hawa.

Injiniya: Layin gaba na ƙasa a ba shi makunni daban ya dushe in an rufe ƙofa, matakala kuma ta kwana a kunne. LED ɗaya kuɗin fulorasan uku ne amma ka huta da inbata.

Ɗan Autan Gareji: Uku ina? kusan kuɗi ɗaya na saya

Injiniya: Shi ya sa naka 12 ne.

Tsohon Direba: Injiniya ka taɓa jan bas da dare kuwa? Wanda bai zauna kujerar ba ya yi shiru.

Sarkin Barci: Ku kashe na sama duka, can nake ramuwar barci 😂

Hajiya Fasinja: Barci a wannan zafin? Tagogin saman nan da ba sa buɗuwa fa, wa ya kawo shawararsu?

Mai Wayarin: Jama'a fari ko mai ja-ja?