Lupin da copin: wace Hausa za mu ba su?

Daga Agege: 'Yan'uwa masu haɗa kiɗa a nan Legas, a taimaka. Yaran da muke koya wa manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio hannunsu ya faɗa, amma bakinmu duka ya kasa rabuwa da "lupin" da "copin". Abin da ake yi wa aikin dai mun saba kiransa zallar ganga: wurin nan a tsohon faifai da mawaƙi da masu jita da ƙaho suke yin tsit, a bar makaɗi shi kaɗai na 'yan daƙiƙu. A lupin, sukutum za ka ɗauko wurin ka sa ya yi ta juyawa. Haka DJ Kool Herc ya riƙa yi a unguwar Bronx ta Amurka wajen 1973, da faifai biyu iri ɗaya, wannan na ƙarewa ya saki wancan. A copin kuwa raba shi za ka yi bugu-bugu, babbar ganga daban, siniya (ƙaramar ganga mai kaifin sauti) daban, ka sake jerawa yadda ranka ke so. Ni na ce lupin ya zama maimai. Me kuka gani?

Daga Idi-Araba: Yaya, maimai bai raba gardama ba. Mai copin ma in ya gama jerinsa ai maimaita shi yake yi har waƙa ta ƙare. Kuma mu da muka tashi a gona, ka ce maimai sai mu tuna fartanya. Kewaye fa?

Daga Mile 12: Ka ce wa yaro ya je ya yi kewaye, ka ga inda zai nufa da buta.

Daga Obalende: Ƙannena, ku bar zancen maimaitawa, ba nan bambancin yake ba. Tambayar ita ce: ka bar hannun makaɗin yadda yake, ko ka sa masa wuƙa? Na farkon ni zobe nake ce masa, don duk gwanintar tana wurin haɗa ƙarshe da farko. In ka kuskure ko da ƙiris, duk juyi sai ka ji kiɗan ya yi tuntuɓe. Ribarsa kuwa, komai na makaɗin yana nan: ɗan jinkirin da yake yi da gangan, ƙananan bugun da ke ɓuya tsakanin manya, har shuuu ɗin tsohon faifai. Ku saurari Tony Allen, makaɗin Fela a garin nan. Siniyarsa ba ta zama inda kake jiranta. Wanda ya tsinka wannan ya jera a kan layukan kwamfuta ya zubar da abin da ya je nema.

Na biyun datsa ne, irin ta mai rake, a kan gaɓa ake sara, wato daidai bakin bugu. Kowane yanki sai mu kira shi gaɓa. Tun asali ƙarancin wurin ajiye sauti na cikin abin da ya koya wa mutane ita: na'urar ɗaukar sauti ta SP-1200 ta 1987 daƙiƙa 10 kacal take riƙewa gaba ɗaya. Da 'yar'uwarta MPC60 ta fito a 1988 da maɓallai 16, sai kowace gaɓa ta samu nata, kana bugawa da yatsa. Da datsa za ka ƙara sauri ba tare da muryar gangar ta siranta ba. Amma in ka rage sauri da yawa, sai ramuka su buɗe tsakanin gaɓoɓi, dole ka san abin da za ka cike su da shi.

Daga Mile 12: Baba, fiɗa ba ta fi ba?

Daga Obalende: Mai fiɗa ba ya mayar da abin da ya raba. Bar wa mahautan Oko-Oba kalmarsu.

Daga Agege: Na karɓa, Baba. Na gwada su a baki: "ɗaura zoben nan", "datsa shi gaɓa 8". Duk sun zauna. Saura guda. Wanda ya datsa, sannan ya mayar da kowace gaɓa inda take don kawai ya daidaita sauri, me ya yi?

Daga Idi-Araba: Datsa ce, Yaya. Wuƙa ta riga ta shiga, ko da kunne ya ce zobe ne.