Jariri mai tsagaggen leɓe da ganɗa: nono na fitowa ta hanci, ya za mu yi?

Tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ta haihu, yau kwana biyar. Yaron leɓensa na sama a tsage yake ta hagu, tsagar ta shige har ganɗa. Ba ya iya kama nono, ɗan abin da ya sha ma sai ya dawo ta hanci. Tsofaffi na cewa a jira suna wanzami ya duba. Mene ne abin yi?

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam, Allah ya raya. 'Yar uwa, kada a bari wanzami ya taɓa bakin nan, musamman cire beli, don naman wurin likita zai buƙata ranar ɗinki. Abin gaggawa yanzu shi ne ciyarwa. Tunda ganɗar a buɗe take, iska na shigowa ta hanci, ƙarfin tsotso ba ya samuwa. Mai jego ta riƙa tatsar nono duk awa 2 zuwa 3, a ba shi da ƙaramin kofi ko cokali, ko kwalba mai laushi da ake matsawa a hankali. A zaunar da shi kusan a miƙe, a karkata kan kwalbar zuwa gefen da bai tsage ba. Yana haɗiyar iska da yawa, don haka a yawaita sa shi gyatsa. Kada shan ya wuce minti 30. In ya wuce, gajiyar ta cinye amfanin. In nonon ya fito ta hanci a dakata, a goge, a ci gaba. Amma in yana shaƙewa ko leɓensa na yin shuɗi, asibiti nan take.

Likitan tiyatar baki da fuska: Hajiya, wannan yana gyaruwa. Leɓe ana ɗinke shi tsakanin wata 3 zuwa 6, ganɗa kuma wajen wata 9 zuwa 18, kafin magana ta zauna. Sharaɗin da aka saba dubawa kafin ɗinkin leɓe: ya kai sati 10, nauyi wajen kilo 5, jini isasshe. Rama ce ke yawan sa a ɗaga aiki, shi ya sa awon nauyi duk sati ya zama dole. Ku je asibitin koyarwa, kamar na Aminu Kano ko na Shika da ke Zariya, ku tambaya ko suna aiki da Smile Train, ƙungiyar da ke ɗaukar nauyin tiyatar kyauta. A riƙa gwada jinsa kuma, domin ruwa kan taru a bayan dodon kunnen irin waɗannan yara.

Ungozoma: A kwantar wa mai jego da hankali, ba laifinta ba ne, ba kuma aikin iska ko husufin wata ba. Leɓe da ganɗa suna haɗuwa ne cikin wata ukun farko na ciki, wani sa'in haɗuwar ba ta kammala. Cikin abubuwan da ke iya jawo hakan akwai gado, akwai ciwon suga, taba, da wasu magungunan farfaɗiya. In za ta sake ɗaukar ciki, ta fara shan ƙwayar bitamin ɗin nan ta folik asid tun kafin ya shiga.